Saura Harafi Ɗaya

A watan jiya, muna kwashe kaya daga tsohon ɗakina na gidanmu saboda ƙanina zai yi aure ya tare a ciki, na ci karo da wani littafi mai jan bango wanda nake rubuta cinikin katin waya a cikinsa tsakanin 2011 da 2012. A gefen dama na kowane shafi akwai wani siririn layi da na ja da biro, na rubuta "na gasa" a samansa. Na zauna a bakin gado na tara abin da ke cikin wannan layi tun daga shafin farko har na ƙarshe, sai jimlar ta tsaya a naira 187,000. A lokacin mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 18,000 ne, wato na zubar da abin da ya haura albashin ƙaramin ma'aikaci na wata goma, kuma na zubar da shi ne ɗari-ɗari, ba tare da na taɓa jin cewa kuɗi masu nauyi sun fita daga hannuna ba.

A wancan zamani ina zaune ne ƙarƙashin lema a wata mahaɗar hanya a Kano, da teburi da benci da wayoyi biyu na kira. Yayana, wanda yake da shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa, shi ne ya ba ni jarin naira 60,000 bayan na kammala difloma a fannin akanta na rasa aiki. Ribar katin naira 100 ba ta wuce 'yan nairori ba, don haka sana'ar ta mai haƙuri ce, wanda ya iya tara ƙanƙane a kan ƙanƙane. Ina da budurwa a lokacin, wadda ita ce uwar 'ya'yana a yanzu, kuma iyayenta sun fara tambayar lokacin da zan fito. Na faɗi wannan ne domin a san irin halin da saƙon ya same ni a ciki.

Saƙon ya shigo ne da sunan wata garaɓasa da ake yi ta layin wayata. An ce in aika kalma ɗaya zuwa wata gajeruwar lamba, kowane saƙo naira 100, kuma akwai kuɗi kullum, akwai mota a ƙarshen kowane wata. Da na aika, sai aka turo mini tambaya mai amsa biyu, irin wadda ɗan firamare ba zai faɗi ba. Na amsa, aka taya ni murna, aka ce na sami maki, aka turo wata. A nan dabarar take, domin mutum yana ganin kamar iliminsa ne yake yi masa aiki, alhali kowace amsa sabon saƙo ce, kowane saƙo kuma ɗari ce. A makon farko saƙo biyu nake aikawa a rana. Kafin wata uku na kai goma, wani lokaci fiye, musamman a ranakun da aka ce za a ninka maki daga ƙarfe takwas zuwa goma na dare. Kowane saƙo ɗaya yana cinye ribar kati kusan ashirin, amma ban taɓa auna shi da wannan ma'auni ba. Ina auna shi ne da mota.

Sau ɗaya na ci wani abu, katin naira 500, kuma ba na jin akwai kyautar da ta taɓa cutar da ni kamarta. Daga ranar na daina tambayar kaina ko ana ci, na koma tambayar yaushe nawa zai zo. Ana nuna waɗanda suka ci a talabijin suna riƙe da ƙaton cek na kwali, suna dariya, wasu suna kuka, kuma a cikinsu akwai masu sana'a irin tawa. Babu wanda yake nuna sauran mu da muka aika muka tashi a tutar babu, domin da za a jera mu babu filin da zai ɗauke mu. Saƙonnin da suke shigowa kuma ba sa barin mutum ya huce, kullum cewa ake yi ina cikin na gaba-gaba, kada in bari a wuce ni.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wata Talata da hantsi wani saƙo ya shigo daga lambar waya irin ta kowa, yana cewa layina ya ci naira miliyan ɗaya, in kira wani jami'i. Na kira jikina yana rawa. Mutumin ya yi mini magana cikin ladabi, ya kira ni "yallaɓai", ya ce kafin a saki kuɗin sai an biya na rajista da na haraji, kuma hanya mafi sauri ita ce in kankare kati in karanta masa lambobin. Ni da nake sayar da kati, ni da nake gargaɗin tsofaffi kada su karanta wa kowa lambar katinsu, na zauna na kankare na naira 15,000 daga cikin jarin Yayana na karanta masa ɗaya bayan ɗaya. Da ya nemi ƙari na ce babu, sai layin ya mutu. Wannan ba shi da alaƙa da masu garaɓasar ta asali, aikin 'yan damfara ne da ake kira 419, sunan da ya samo asali daga sashe na 419 na dokar manyan laifuka, kuma akwai doka ta musamman ta 2006 a kan karɓar kuɗi ta wannan hanya, wadda EFCC take aiki da ita. Sai dai ba su kama ni ba sai da wata da watanni na shirya musu kaina, ina jiran ranar da za a ce na ci.

Ƙarshen wannan wata ban iya cika kuɗin sarin kati ba, dole na je Singa. Yayana bai ɗaga murya ba. Ya karɓi littafin ya duba, ya ga layin da ke gefe, ya tambaye ni ma'anarsa, na faɗa masa gaskiya. Ya tashi ya shiga cikin shago inda akwai buhun shinkafa da aka farke baki ana aunawa, ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya shafa mata tawadar biro har ta yi shuɗi, ya tura hannunsa cikin buhun har gwiwar hannu ya saki, ya juya. Sannan ya ce da ni, "Rufe idonka ka ciro mini ita. Kowace ƙwaya ka ɗauko ka ba ni naira ɗari, in ka dace da mai shuɗin na ba ka shagon nan." Na ce, "Haba Yaya, ai wannan ba zai yiwu ba." Ya ce, "To kai da ka yi karatun lissafi, me kake yi tun bara?" Yaran shago suna ta ƙunshe dariya, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun ranar farko, sai na ga Yayana, wanda bai wuce aji uku na sakandare ba, ya faɗi kusa da daidai. Buhun shinkafa mai kilo 50 yana ɗauke da ƙwaya kimanin miliyan biyu ko fiye. A 2012 layukan waya masu aiki a Najeriya sun haura miliyan 100, don haka idan aka ƙaddara cewa saƙo miliyan biyu kacal ne suka shiga gasar wata guda, ba a yi zuzutawa ba. Wanda ya aika saƙo ɗaya kullum, wato 30 a wata, rabonsa a motar ɗaya ne cikin 66,000 da ɗoriya. Idan mota ɗaya ake bayarwa duk wata, irin wannan mutum a bisa matsakaicin lissafi zai jira fiye da shekara 5,500. Ni da nake aika goma a rana na rage wa kaina jiran zuwa shekara 550 da wani abu. A ɗaya gefen kuma, saƙo miliyan biyu a kan naira 100 ya tashi naira miliyan 200, wanda ya sayi motar ya sake saye sau da yawa. Duk wannan lissafin ɗan aji shida ne, kuma ina da kalkuleta a kan teburina kullum.

Zan so in ce daga ranar na tuba, amma ba haka aka yi ba. Na rage, ina aikawa a ɓoye jefi-jefi, har zuwa watan Nuwamba na 2012 lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta dakatar da dukkan garaɓasa da gasar ƙuri'a ta kamfanonin waya. Dalilin da hukumar ta bayar shi ne cunkoson da suke jawowa a layuka da taɓarɓarewar ingancin kira. Wato abin da ya raba ni da wannan ɗabi'a umarni ne da aka bayar saboda kira yana yankewa, ba don aljihun irina ba, amma na amfana. Makonnin da saƙonnin suka ɗauke sun ishe ni in farfaɗo.

A cikin waɗannan makonni ne na kai maganar gaban malamin da muke ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba. Na zaci zai ce mini duk wata kyauta ta talla haram ce, sai ya rarrabe mini. Ya ce abin da Alƙur'ani ya hana a Suratul Ma'ida, aya ta 90, shi ne maisir, wato caca, kuma alamarsa ita ce mutum ya sa dukiyarsa a inda ko dai ya ci ko a cinye shi, bisa sa'a kawai. Wanda ya sayi sabulun da dama yake bukata, a kan farashinsa na kullum, sai ya tarar da kyauta a ciki, malamai da yawa ba su ga laifinsa ba, domin bai yi asarar komai ba. Amma wanda ya biya kuɗi don shiga kawai, ko ya sayi abin da ba ya bukata saboda kyautar, ko aka ƙara wa kayan kuɗi saboda gasar, ya shiga wani babi daban. Ya ƙara da cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Doha a 2003, ta yi magana a kan katunan gasa da kuɗin kiran waya da ake biya don shiga, ta ce ba su halatta ba idan kyautar daga cikin kuɗin masu shiga take fitowa. Na tambaye shi, "Allah gafarta malam, to tambayoyin da nake amsawa fa, ba ilimi ba ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Tambayar da ba a faɗuwa ai ba jarrabawa ba ce."

Shekara shida bayan haka Allah ya nufa na ga abin daga ɗaya gefen teburin. A 2018 ina aikin akanta a wani matsakaicin kamfani da ke yin sabulun wanki, ciniki ya ja baya, sai mai kamfanin da manajan talla suka yanke shawarar yin garaɓasa ta wata uku. Tsarin shi ne a sa ƙaramar takarda a cikin kowane ƙunshin sabulu, a kanta akwai harafi ɗaya daga cikin haruffa biyar na sunan sabulun. Wanda ya haɗa biyar ɗin ya ci adaidaita sahu. Wasu takardun kuma suna ɗauke da ƙananan kyaututtuka na nan take, bokiti da riga da katin waya. Ni aka ba wa aikin lissafin kuɗin bugawa, don haka ni na fara ganin jadawalin. Takarda 600,000 za a buga. Haruffa huɗu za a raba su kusan daidai, kowanne wajen 150,000. Harafi na biyar kuwa guda uku rak za a buga, domin adaidaita sahu uku aka saya.

Na daɗe ina kallon wannan takarda. Tun muna yara muke tara marafan lemo muna musayar haruffa a makaranta, kullum harafi ɗaya ne yake gagarar unguwa baki ɗaya, kuma ban taɓa kawowa a raina cewa da gangan ne ba. Duk wanda ya sayi sabulu goma ko ashirin zai haɗa huɗu cikin sauƙi, daga nan ya ɗauka ya ci kashi huɗu cikin biyar na tafiya. A gaskiya bai ko ɗaga ƙafa ba, domin huɗun ba su da wata daraja, gasar duka tana cikin takarda uku ne a tsakiyar 600,000, wato ɗaya cikin 200,000. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, amma a nan an gina Dalar ne musamman domin a hango ta.

Kamfanin ya ɗauki wata lauya, mace mai tsanani a kan aiki, kuma daga bakinta na fara sanin cewa wannan harka tana da dokoki. Ta ce tunda sa'a ce za ta raba, ba za a fara ba sai an sami izini daga Hukumar Kula da Caca ta Ƙasa, wadda dokar 2005 ta kafa, sannan a yi rajista da hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, wadda a lokacin ake kira CPC. Ta sa muka rubuta sharuɗɗa dalla-dalla: ranar farawa da ranar rufewa, jerin kyaututtuka da adadinsu da darajarsu, wanda ya cancanci shiga, yadda za a tantance takarda ta gaskiya, inda za a karɓi kyauta da wa'adin karɓa, da yadda za a bayyana sunayen waɗanda suka ci. Ta sa aka rubuta cewa ma'aikatan kamfani da iyalansu da na maɗaba'ar da za ta buga ba za su shiga ba. Ta kuma hana ƙara ko sisi a kan farashin sabulun, ta hana haɗa gasar da saƙon waya na kuɗi, tana mai cewa a jihar da ake aiki da dokar Shari'a kuma Hisba take kama masu caca, bai kamata a bar ƙofar da za a ce kamfani yana sayar da tikitin sa'a ba.

Inda aka kai ruwa rana shi ne batun takardun nan uku. Manajan talla yana so a riƙe su sai watan ƙarshe, domin kada a cinye kyautar da wuri kasuwa ta mutu, kuma yana so a tura su garuruwan da ake neman shiga. Lauyar ta juya wajen mai kamfanin ta ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, idan aka yi haka, duk wanda ya sayi sabulu a wata biyun farko an sayar masa da fatan abin da babu shi, kuma wannan yaudara ce ko a gaban hukuma ko a gaban Allah." Sannan ta ba mu labari biyu. A ƙasar Filifin a 1992, kamfanin Pepsi ya yi gasar lambobi a ƙarƙashin marfin kwalba, babbar kyauta peso miliyan ɗaya, sai aka sanar da 349 a matsayin lambar da ta ci alhali an buga ta a kan marafa dubu ɗaruruwa. Kamfanin ya ce kuskure ne, ya yi tayin peso 500 ga kowane marfi, aka yi tarzoma, aka ƙona motocinsa, aka rasa rayuka, kuma shari'o'in ba su ƙare ba sai a 2006 da Kotun Ƙolin ƙasar ta wanke kamfanin. A Amurka kuma, a 2001 hukumar FBI ta kama wani tsohon ɗan sanda mai suna Jerome Jacobson, wanda shi ne shugaban tsaro a kamfanin da yake shirya wa kamfanin sayar da abinci na McDonald's gasarsa ta tara takardu. Shekara da shekaru yana sace takardun da ba su da yawa yana ba wa mutanensa, har abin da aka kwashe ya kai wajen dala miliyan 24, yayin da miliyoyin mutane suke ta tara sauran suna jiran wadda ba za ta taɓa zuwa ba. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce a yi yadda ta ce. A gaban shaidu aka cusa takardun uku cikin sauran tun kafin a fara naɗe sabulun, aka gauraya, aka rubuta aka sa hannu, har babu wanda ya san katan ɗin da suka faɗa.

Ganin haka ya ba ni ƙwarin gwiwa, sai na kawo tawa shawarar. Na ce tunda muna son gaskiya, a rubuta a jikin fosta cewa harafi na biyar guda uku ne cikin 600,000. Lauyar ta goyi bayana, ta ce a Amurka an saba rubuta yawan damar ci a cikin ƙa'idojin gasa, kuma dole ne a buɗe hanyar shiga kyauta ga wanda bai sayi komai ba, domin a dokarsu idan kyauta da sa'a da biyan kuɗi suka haɗu wuri ɗaya abin ya zama caca. Ta ce jihohin New York da Florida suna sa a yi rajista a kuma ajiye jingina idan kyaututtukan sun haura dala 5,000, a Kanada kuma sai wanda ya ci ya amsa wata tambayar lissafi kafin a miƙa masa. Manajan talla ya saurara har ta gama, sannan ya dube ni ya ce, "Malam akanta, kai dai riƙe lissafinka. In muka rubuta wannan, wa zai saya?" A ƙarshe an rubuta cewa adaidaita sahu uku ne, da manyan baƙaƙe, an kuma sa adadin takardun a cikin sharuɗɗan da aka miƙa wa hukuma aka liƙa a ofis, inda babu mai sayen sabulu da zai taɓa zuwa ya karanta. Ba a yi ƙarya ko ɗaya ba. Rabawar ce kawai aka bar wa wanda ya iya.

Ana saura mako biyu a rufe, wani dattijo ya zo ƙofar kamfani, masu gadi suka turo shi wurina saboda ni nake rajistar masu karɓar ƙananan kyaututtuka. Mai wanki da guga ne, daga wata unguwa a bayan gari. Ya kwance wata baƙar leda ya zazzage takardu a kan teburina, ya jera su kashi huɗu, kowane kashi an ɗaure da kyauro. Na ƙirga sun kusa 200. Ya ce, "Ɗana, saura harafi ɗaya. Na ce bari in zo da kaina in tambaya ko akwai garin da aka fi tura shi, in ba da saƙo a sayo mini." Na tambaye shi ko duk wannan sabulun na aikinsa ne. Ya ce da farko na aiki ne, daga baya ya riƙa saye yana ajiyewa, yanzu akwai katan biyu a ƙarƙashin gado duk an farke su, kuma ya karɓi kwasar adashinsa ya ƙara a ciki, domin yana so ya sama wa babban ɗansa abin yi.

Ban san lokacin da na rufe ƙofar ofis ba. Na ce, "Baba, zan faɗa maka abin da yake rubuce a takardar da ke manne a allon can, ba sirri ba ne. Harafin da kake nema guda uku ne kawai a duk ƙasar nan, kuma biyu sun riga sun fito." Na ba shi misalin buhun shinkafa kamar yadda Yayana ya ba ni. Ya daɗe yana kallon takardunsa, sannan ya ce, "To ai rabo ne, in da rabo sai a dace." Na ce haka ne, Baba, amma kada ka ƙara sayen wanda ba za ka yi wanki da shi ba. Ya yi mini godiya, ya tattara takardunsa ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin leda. Ganin yadda ya ɗaure bakin ledar da kyau ya sa na gane bai fid da rai ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin ni ma ban daina a ranar da aka nuna mini buhu ba.

Takarda ta uku ba ta taɓa fitowa ba. Wataƙila wata mata ta yar da ita da ledar sabulu, wataƙila tana cikin katan a wani shago a ƙauye har yau. Manajan talla ya so a mayar da adaidaita sahun da ya rage cikin motocin kamfani, amma sharuɗɗan da aka miƙa wa hukuma sun ce duk babbar kyautar da ba a karɓa ba za a fitar da ita ta ƙuri'a tsakanin waɗanda suka kawo haruffa huɗu da sunansu da lambar wayarsu. Lauyar ta ɗora yatsa a kan wannan layi, magana ta ƙare. Aka sa rana, jami'an hukumomin biyu suka zo, aka zuba ambulan a cikin ganga aka juya, aka rufe wa wata yarinya ido ta zaro ɗaya. Na tabbatar da hannuna cewa ambulan ɗin dattijon yana ciki. Wani ɗalibi ne daga wata jiha ya ci.

A ranar na ga iyakar abin da doka take iya yi a wannan fage, kuma ban raina shi ba. Ta hana a ɓoye takardun, ta hana a ba wa ɗan gida, ta tilasta aka fitar da kyautar da aka so a haɗiye. Abin da ba ta yi ba shi ne rage yawan shinkafar da ke cikin buhu, kuma ba ta sa an faɗa wa mai saye yawanta a inda idonsa zai gani ba. A ra'ayina wannan shi ne gibin da ya fi cutar da talaka, kuma da za a wajabta rubuta lissafin da baƙaƙe masu girman hoton kyautar, da an yi wa mutane irin dattijon nan adalci fiye da duk wani bikin ƙuri'a.

Tun daga lokacin abubuwa sun sauya. A farkon 2019 aka sa hannu a dokar da ta maye gurbin CPC da hukumar FCCPC mai faffaɗan iko. A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce Majalisar Tarayya ba ta da hurumin yi wa jihohi doka a kan caca da wasannin sa'a, don haka dokar 2005 ba ta aiki sai a Babban Birnin Tarayya. Wanda zai shirya irin gasarmu a yau sai ya duba dokar kowace jiha da kayansa za su shiga. Ta fuskar waya kuma, tun 2016 NCC ta samar da lambar 2442 wadda mutum zai aika wa saƙo ya toshe tallace-tallacen da bai nema ba, akwai kuma lambar 622 ta kai ƙorafi. Da akwai ta farkon a 2011, ban sani ba ko da na yi amfani da ita, domin a lokacin ni nake ɗokin saƙonnin.

Ina zaune da littafin nan a hannu sai ɗan Yayana, wanda yake aji biyar na sakandare, ya shigo da waya yana murna. An turo masa wani abu a WhatsApp da tambarin wani babban kamfani, wai ana rabon kuɗi na cikar shekaru, ya amsa tambayoyi uku duk ya ci, saura ya tura wa mutum ashirin sannan ya rubuta lambar katin banki. Ya ce, "Baffa, ara mini katinka, saura mataki ɗaya." Na karɓi wayar na nuna masa cewa adireshin shafin ba na kamfanin ba ne, babu ranar rufewa, babu lambar izini, babu sharuɗɗa ko layi ɗaya. Bai gamsu sosai ba. Na miƙa masa littafin da kalkuleta na ce ya tara mini layin da ke gefen dama, ya kawo mini jimlar bayan la'asar, sannan gobe ya shirya zai raka ni Singa wurin babansa.